Yadda Wayar Jitar Yaya Ta Gajarce

Yayana makaɗin jita ne, kuma tun ina zuwa makaranta da allo a hammata sana'arsa ke nan. Da jitar nan ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'yansa, da ita ya saya min keken ɗinkin da nake cin abinci da shi yau. Shi ya sa da na fara zargin kunnensa na dama yana tafiya, hankalina ya tashi har abinci ya daina yi min daɗi. Makaɗi ba kunne, me zai koma yi? Mutumin da in ka ba shi tumatir ya sayar, kafin azahar ya rabar da shi kyauta. Shi kuwa Yaya ko a jikinsa. Ya ce babu abin da ya sami kunnensa, waya ce.

In na ce waya, ba ta kira nake nufi ba. Doguwar igiyar nan ce mai kan ƙarfe a kowane ɓangare, kai ɗaya a soka shi a jikin jita, ɗayan a amfilifaya, wato akwatin da ke ɗaga sauti ya turo shi ta sifika. Ga kowa igiya ce kawai, a taka a wuce. Ga Yaya kuwa, wallahi ban taɓa ganin ya lallaɓa ɗan Adam yadda yake lallaɓa ta ba.

Tasa mai rigar zare ce, ruwan ƙasa, ta girmi babbar 'yarsa, har yaran gidan suka raɗa mata suna Tsohuwa. In an tashi daga kiɗa, kowa na sauri ya tafi gida, shi sai ya zaro tsumma daga aljihu ya bi ta da shafa daga wannan kai zuwa wancan, ya goge ƙura da danƙon lemon da aka zubar a ƙasa. Sannan ya naɗe ta. Naɗin ma ba irin namu ba ne: zagaye ɗaya ya kawo shi gaba, na biyu ya juya hannu ya shigar ta ƙasa, haka har ƙarshe, don in ya wurga ta gobe ta miƙe sumul ba murɗewa. Kafin ya soka ta a jita sai ya zura ta ta bayan maratayin kafaɗa, wai in wani ya taka, maratayin ya sha fizgar, ba wuyan waya ba. Kuma kada Allah ya sa ya ga ka cire ta ta hanyar jan igiyar. A kai ake kamawa. Wannan karatun babu wanda bai sha shi ba a gidanmu, har mahaifiyarmu da ba ta taɓa riƙe jita ba.

Matarsa, wadda nake kira Anti, tana sabuwar zuwa gidan ta ga wayar a kan kujera, ta ce bari ta yi abin kirki. Ta kama ta ta nannaɗe tsakanin tafin hannu da gwiwar hannu, yadda ake yi wa igiyar shanya, ta ƙulle tamau ta rataye a ƙusa. Yaya ya shigo ya gani. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Zama ya yi ya kwance ta a hankali, yana yi mata bayanin cewa a cikin rigar nan akwai siraran silin jan ƙarfe, kowace murɗa tana karya ɗaya, yau ɗaya gobe ɗaya, har ranar da za ta kunyata ka a gaban jama'a. Anti ta ce daga ranar ko shara za ta yi, zagaye wayar take yi kamar kabari.

Shagona yana jere ɗaya da ɗakin da suke gwaji, bango biyu ne tsakaninmu. Duk abin da suke kaɗawa ina ji, har takun kekena ya saba bin gangarsu. To wata rana da la'asar ana tsakiyar waƙa sai na ji kiɗa ya yanke. Na ji muryar Yaya.

"Ku tsaya. Wa ke jin wannan tsuwwar?"

Daga baya Mai Ganga, tsohon abokinsa da suka fara kiɗa tare, ya ba ni labarin sauran. Ya ce duk suka kasa kunne, babu wanda ya ji komai. Yaya ya ce ga ta nan siririya, tsiii, kamar sauro ya shiga sifika. Ya tsuguna ya murza kan waya, ya girgiza kai, ya ce Tsohuwa ce ta fara ciwon wuya. Ya ce waya daga wuya take mutuwa, dab da kan ƙarfe, inda take yawan lanƙwasa. Ya fito da 'yar jakarsa, ya yanke taƙi guda, ya fere, ya narka dalma ya liƙa kan sabo. Aka ci gaba da kiɗa, ya ce ta tafi. Ba tafiya ta yi ba, ganga ce ta rufe ta.

Ba a jima ba ta dawo, ya sake yankewa. Ta sake dawowa, ya yanke ɗayan ɓangaren. Oga, shugaban ƙungiyar tasu kuma mawaƙinsu, ya gaji ya kawo masa sabuwar waya fil a leda. Yaya ya gwada ya ce kai, wannan ta fi Tsohuwa tsuwwa, kayan zamani duk haka suke. Ya ari ta mai fiyano, ya ce ita ma tana yi. Hankali ya ce in waya uku duk suna ƙara iri ɗaya, a duba wani wurin. Amma gaya wa Yaya haka! Ya ce ai duk kamfani ɗaya ne ke yin jan ƙarfen yanzu, ya koma kan Tsohuwarsa da almakashi.

Ni abin da ya fara tsorata ni ba a ɗakin gwaji na gan shi ba, a gidansa ne. Na je na tarar talabijin na ihu har daga bakin ƙofa, shi kuma yana zaune dab da ita ya karkata kai, kunnen hagu a gaba. Na zauna ta damansa na gaishe shi. Shiru. Na sake. Sai da na taɓa gwiwarsa ya zabura ya ce, "A'a, Auta, yaushe kika shigo kamar ɓarauniya?" Na dubi Anti, ta kawar da kai. Da ta rako ni waje ta riƙe hannuna ta ce ta daɗe da lura, har in za ta roƙe shi abu ta hagu take zagayowa. Ta ce ta yi masa maganar asibiti sau ɗaya, ya yini bai kula ta ba. Idonta ya ciko. Na ce ta bar ni da shi.

Ni dai ba ni da haƙuri, kowa ya sani, kuma ban iya zagaye-zagaye ba. Washegari na same shi a ƙofar ɗakin gwaji yana hura ƙarfen dalma, na ce, "Yaya, ka bar wahalar da baiwar Allah nan. Mu je a duba kunnenka."

Ya ɗago a hankali. "Me kika ce?"

"Ka ga abin da nake faɗa ko? Na ce mu je a duba kunnenka."

"Na ji ki sarai. So nake ki maimaita in ga ko kina da kunya." Ya ajiye ƙarfen. "Auta, ni za ki kira kurma? Ni da nake jin tsirkiya ta sauka tun kafin mai ita ya sani? Ki tambayi kowa a garin nan wa ya fi ni kunne. In kunnena ne ya lalace, ta yaya nake jin abin da ku duka ba ku ji?"

Na koma shago ina huci, na ɗinke hannun rigar wata mata a wuya, sai da na farke.

Abin ya ci gaba da ta'azzara. Da yake ba ya jin kansa sosai, sai ya riƙa murɗa sautin jitarsa sama. Ta bango nake jin yadda take danne kowa, har muryar Oga ta koma kamar mai kira daga cikin rijiya. Wani abin da ban taɓa ji ba a rayuwata kuma, Yaya ya fara shigowa a makare. Ganga ta sauka, sai jita ta biyo ta a baya da ɗan taku. Ko ni da ba makaɗiya ba sai ƙafata ta harɗe a kan keke.

Ranar da Oga ya shigo shagona da kansa na san an zo wurin. Ya kawo wata riga wai a rage masa, rigar da babu abin da ya same ta. Ya zauna a benci yana juya hula a hannu.

"Ƙanwata, ki taimake ni. Masu zauren da muke wasa duk ƙarshen mako sun yi min magana. Sun ce jita na korar musu mutane. Ni ba zan iya kallon idonsa in ce ya zauna a gida ba, shi ya koya min tsayuwa a gaban jama'a. Amma ina da mutane a bayana, kowa da iyalinsa. In wasa mai zuwa ya tafi haka, ban san me zan yi ba."

Na ce, "Ka san me za ka yi mana, Oga, faɗa ne ba ka son yi." Ya sunkuyar da kai. Na ji haushinsa, amma a raina na san gaskiya ya faɗa, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Da na gama rigar na kai masa ɗakin gwaji da kaina, don ina son in gani da idona. Rabona da shiga ɗakin an daɗe. Ɗaki ne mai tsawo, an manna katifu a bango, taga ɗaya a sama, fanka na juyawa. A da Yaya can tsakiya yake tsayawa, yana taku yana juyi, waya na bin sa a ƙasa. Yau sai na gan shi a manne da sifika, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Tsohuwa ta sha yanka har ba ta kai ya yi taku biyu ba. Kuma saboda ramin waya yana gefen dama na jita, kafaɗarsa ta dama ce ke jingine da akwatin, kunnen nan da nake tsoro a kai yana dab da bakin sifikar da ya ƙure wa sauti. Ni da nake bakin ƙofa haƙorana na rawa don tsabar ƙarar. Innalillahi! Ashe duk taƙin da ya yanke don ya kashe tsuwwa, matsar da kansa yake yi kusa da abin da ke haifar da ita.

Na buɗe baki zan yi ihu, sai wuta ta ɗauke.

Komai ya mutu lokaci ɗaya. Fiyano ta yi shiru, makirufo ya yi shiru, Mai Ganga ya ɗaga sandunansa. Hasken taga ya isa ɗakin, don haka ba a ga wani duhu ba, fanka ce kawai ta fara rage gudu. Yaya ya ba amfilifaya baya, idonsa a rufe. Sai na ga fuskarsa ta washe, ya ɗaga yatsa sama.

"Yauwa! Ga ta nan! Ku yi shiru haka. Yanzu fa? Yanzu kun ji ta? Ga ta nan sarai, ko jariri zai ji. Oga, ka ce ba ka ji wannan ba!"

Babu wanda ya motsa. Murna yake yi, wallahi, murnar mutumin da aka daɗe ana ƙaryatawa yau gaskiyarsa ta fito. Mai fiyano ya dubi ƙasa. Oga ya dube ni. Mai Ganga ne ya tashi ya zagayo ta hagunsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Abokina, babu wuta. An ɗauke."

Yaya ya juya ya dubi 'yar jar fitilar amfilifaya. A mace take. Ya dubi fanka. Ya kama kan waya ya zare daga jita, ya zare ɗayan daga akwati, ya riƙe kawunan biyu a tafin hannunsa. Sai ya ɗaga su ya kai kunne, kamar mai sauraron agogo. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannu ya dube ni.

"Auta, ke ma ba kya ji?"

"Ba na ji, Yaya."

"Har yanzu tana yi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ban ce masa ai na gaya maka ba. Na karɓi jitar na sa a jaka, shi kuma ya zauna a kan akwatin da wayar a cinya bai naɗe ta ba.

Washegari da sassafe muka tafi asibiti, ni da shi kaɗai. Likitar kunne mace ce mai sanyin magana. Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri, ta sa masa abin sauraro a kai, ta ba shi maɓalli ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Ni ina waje ina kallo ta gilashi. Ina ganin hannun likita: ta saki sauti, Yaya na zaune ya ƙura wa bango ido bai danna ba. Ta ɗauke hannunta gaba ɗaya, sai ya danna da ƙarfi, har da gyaɗa kai. Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Da suka fito ta tambaye shi aikinsa, ya faɗa. Ta ce, "Baba, yaya nisanka da sifika in kana wasa?" Ya saci kallona. Ni na nuna mata da hannu cewa dab da ita yake tsayawa. Ta ce abin da ya tafi a kunnen dama ba zai dawo ba, tsuwwar kuma daga cikin kunnen take, mai yiwuwa ya saba da ita amma kada ya sa rai za ta bar shi. Na hagu yana da sauran ƙarfi. In yana son ya tsira da shi, ya yi nesa da sifika iyakar iyawarsa, ya rage sauti, ya riƙa sa abin toshe kunne na makaɗa.

"Zan iya ci gaba da kiɗa?" Ita ce kaɗai tambayar da ya yi.

"In ka kiyaye na hagun," ta ce.

Na kira Oga a hanya na gaya masa. Ya yi ajiyar zuciya ya ce za su mayar da Yaya can ƙarshen dandali, kusa da Mai Ganga, inda zai riƙa ganin saukar sanda da idonsa, a gwada a gani. A gwada a gani, haka ya ce, bai yi alkawari ba. To tsayuwa a ƙarshen dandali tana son doguwar waya, Tsohuwa kuwa ta zama guntuwa. Daga asibiti muka zarce shagon kayan kiɗa.

Mai shagon ya san shi, ya tashi da fara'a yana cewa yau manya ne a shagon. Ya zubo wayoyi a kan tebur. Nan na ga Yayana ya ɗan dawo. Ya ture masu kan da aka narkar da roba ya rufe ruf, ya ce in sun lalace sai shara, ba a buɗe su. Ya ture wata mai kai ruwan zinariya, ya ce kwalliya ce. Ya ɗauki wata baƙa, ya kwance murfin kanta ya duba liƙin dalmar a haske, ya ce wannan mai hannu ne ya yi, ya kwanta lafiya yana sheƙi, ba a tara shi kamar kashin kaza ba. Ya lanƙwasa wuyan ya ga akwai abin da ke tallafe shi. Ya ja ta tsakanin yatsu, ya ce tana da laushi ba ta da taurin kai. Ya ce shi a da ba ya son doguwar waya, tana rage wa jita kaifin murya, amma yanzu ba shi ke zaɓe ba.

"Saura gwajin ƙarshe," in ji mai shago. Ya soka ta a jita da amfilifaya, ya rufe sautin jitar, ya ɗaga na akwatin. Ya ce min haka ake yi: a bi jikin wayar ana ɗan bugawa da yatsa ana girgiza ta, a saurara ko sifika za ta yi ƙwas-ƙwas ko tsuwwa.

Yaya ya tsuguna ya fara bi yana bugawa. Ya karkata kunnen hagu. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko ya sake. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mai shago na jira yana murmushi, bai san komai ba. Yaya ya sake bugawa, ya runtse ido, sai na gane abin da ke faruwa: ba zai iya raba ta waya da ta kansa ba.

Ya ɗago ya yafito ni. "Auta, zo nan. Tsuguna. Ni zan buga, ke ki saurara."

"Yaya, ni me na sani? Tela ce ni."

"Kunne gare ki. Saurara kawai."

Na tsuguna kusa da sifikar, ina tsoron in ce wani abu in cuce shi. Ya bi wayar daga kai har kai, yana bugawa yana girgizawa, idonsa a kan fuskata. Na kasa kunne iya ƙarfina.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Yaya. Wallahi ko kaɗan. Ko dai ban iya ba ne?"

"Kin iya. Ita ce mai kyau." Ya dubi mai shago ya ce a sa mana ita a leda. Mai shago ya juya yana neman leda, mu kuma muna nan tsugune a ƙasa. Yaya bai tashi ba. Ya matso da kunnen hagunsa kusa da bakina, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Auta, shirun nan da kika ji yanzu, yaya yake? Ina ta ƙoƙarin in tuna, na kasa."

Na riƙe hannunsa, muka zauna a ƙasan shagon mutane ina kuka, shi yana jira.